Bel ɗin samfefa shuɗi ya biya kuɗinsa, amma a duba mahaɗa

Injina na goge katako irin na hannu ne, mai cin bel na milimita 100 a faɗi, 610 a tsawo. Na daɗe ina ɗaura masa bel ɗin nan ruwan ƙasa da kowane kafinta ya sani, mai yashin aluminiyam oksaid. Da aka ba ni aikin sabunta tsofaffin ƙofofin maɗaci na wani gida, sai na ce bari in gwada shuɗin, mai yashin zikoniya, duk da ya fi tsada.

Lamba 60 na ɗauka, wato mai kaushin yashi (in lamba ta ƙaru, yashin yana ƙara laushi), kuma gaskiya ya ci katako. Inda ruwan ƙasan zai yi santsi ya koma shafa, yana barin baƙin tabon ƙuna, shuɗin yana nan da kaifinsa, domin ƙwayoyin yashinsa suna tsagewa ne a hankali, sabon baki yana fitowa. Sai dai yana son katako mai tauri. A kan farin katako mai laushi ban ga abin da ya fi ruwan ƙasan da shi ba, asarar kuɗi ce kawai. Haka ma wajen gamawa: daga 60 na koma 80, sannan 120 na ruwan ƙasan, ya isa. Wanda ya yi tsalle daga 60 zuwa 120 don sauri, ranar da aka shafa banish zai ga zane-zanen da ya bari kamar kaji sun yi tono.

Abin da ya ɓata min rai shi ne mahaɗa. Wasu daga cikin ƙunshin sun rabu a daidai inda aka liƙe bakin biyu, alhali yashinsu ko dusashewa bai yi ba. Sai ka ji fau, bel ya fito yana dukan katako. Gam ɗin mahaɗa tsufa yake yi, musamman in kaya sun daɗe a shago cikin zafi. Yanzu kafin in biya sai na juya bayan bel na lanƙwasa wurin kaɗan, in na ga gefensa yana ɗagawa in ajiye wa mai shi. A bayan ne kuma ake ganin kibiya. In akwai ta, dole ta bi inda injin ke juyawa. Launi kaɗai ba hujja ba ne kan irin yashin bel, a karanta rubutun da ke jiki.

Tsohon banish yana toshe kowane irin bel, har shuɗin. Gara a fara kankare shi da abin kankara, abin da ya maƙale a yashin kuma a goga masa sandar roba yayin da injin ke tafiya.

Sai maganar ƙusa. Tsohuwar ƙofa ba ta rasa ƙusar da ta nutse, kuma shuɗin ba ya jin tsoron ƙarfe, ci zai yi yana feshin tartsatsi zuwa cikin jakar injin da ke cike da garin katako. A cire ƙusa ko a tura ta ciki tukuna, a zazzage jakar kafin a tashi. Injin yana da maɓallin da ke riƙe makunni. In aka ɗauke wuta yana danne, aka ajiye shi a kan teburi, da an dawo da ita zai zabura da gudu. Na hana yaran shagona taɓa maɓallin nan, kuma ba mai sauya bel sai an zare waya daga soket. Riga mai faɗin hannu ma a naɗe ta.

Takunkumi kuwa, ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙurar nan, sai mai matata. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar, kuma bel mai ci da sauri ya fi tayar da ita.