Kantin da ke jiran ƙarshen wata a Yelwa

Shekara 9 ke nan ina sayen kayan masarufi a wani ƙaramin kanti da ke unguwar Yelwa a Garwa, kuma abin da ya riƙe ni a wurin shi ne littafin bashi, wanda mai kantin yake ware wa kowane ɗan albashi shafi a cikinsa har wata ya ƙare. Kwanan baya na roƙe shi ya fito mini da tsofaffin littattafan, ya ce, "Malam, kada dai ka ga abin da zai hana ka barci."

A shafina na 2016, lokacin da mafi ƙarancin albashi a Kamaru yake sefa 36,270, na ga rabin buhun shinkafa da litar man girki na Diamaor da sukari, kuma a ƙasan kowane wata an ja layi alamar na biya duka. A watan Maris na 2023 gwamnati ta kai mafi ƙarancin albashin ma'aikatan kamfanoni 60,000, na ma'aikatan gona kuma 45,000, har muka ɗauka kakarmu ta yanke saƙa. Amma wata ɗaya kafin nan an riga an ɗaga litar fetur daga 630 zuwa 730, a Fabrairun 2024 ta kai 840, sannan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri daga Najeriya, da masu babur suka dogara da shi ya yi tsada bayan Najeriya ta cire tallafin mai. Hauhawar farashi ta haura kashi 7 cikin 100 a 2023, kuma kafin albashin ya shigo hannu CNPS, wato hukumar fansho da inshorar ma'aikata, ta cire kashi 4.2 nata. Shi ya sa shafukana na yanzu suka cika da kofi da ƙulli: shinkafa kofi biyar, mai a leda, sukari na shayin safe kawai, kuma layin nan na ƙasa ya daɗe bai bayyana ba.

Ta wannan fuskar kantin ya cancanci yabo, domin mai shi ya bi talaucinmu sau da ƙafa, yana rarraba kaya daidai ƙarfin aljihu ba tare da ya tauye awo ba, kuma bai taɓa ambatar bashin magidanci a gaban yaron da aka aiko ba, abin da ba kowane ɗan kasuwa yake kiyayewa ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda yake lissafa bashi da farashin ranar biya maimakon na ranar ɗauka, ta yadda duk tashin da kaya suka yi a tsakiyar wata a kan mai ƙaramin albashi yake faɗawa. Na yi masa magana, ya nuna mini takardar dillalinsa, wanda shi ma haka yake yi masa. Wanda yake da kuɗi a hannu gara ya tafi babbar kasuwa ya sayi buhu, zai fi samun sauƙi. Ni dai na roƙi a riƙa rubuta farashi a gefen kowane kaya tun ranar ɗauka, ya ce zai duba bayan Sallah.