Omron M2 Basic: na'urar awon hawan jini ga dattijo a gida

Ga dattijon da likita ya ce ya riƙa duba jininsa kullum, wannan na'ura ta wadatar. Maɓalli ɗaya ne, lambobinta manya, tana aiki da batir huɗu, kuma a damtse ake ɗaura ta. Ta fi ta tsintsiyar hannu, wadda awonta ke kaucewa da zarar hannu ya ɗan sauka ƙasa da saitin zuciya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne maɗaurin. Wanda ke zuwa a kwalin na damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 32 ne. Mai jiki ya sa shi, awo zai haura gaskiya, a tayar wa tsoho hankali a banza. A auna damtsen da tef ɗin tela kafin a saya; in ya wuce 32, a nemi babban maɗauri ko a ɗauki samfurin Omron M3, wanda maɗaurinsa ke kaiwa santimita 42.

Kafin awo a zauna minti 5, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, ba hira. A bar goro, shayi da taba minti 30 kafin nan. Maɗaurin ya zauna yatsa biyu sama da gwiwar hannu, kan fata, ba kan babbar riga ba. A auna sau biyu, tsakani minti ɗaya, da safe kafin shan magani da kuma dare.

Awon gida da ke yawan kai 135/85 na buƙatar likita. 180/120 kuwa asibiti ne nan take. Raunin na'urar: awon ƙarshe kaɗai take riƙewa, sai a ajiye littafi kusa a riƙa rubutawa.