Tashar Gwamnati da Tashar 'Yan Kasuwa a Lokacin Yaƙi: Wacce Ta Fi Karkatar da Jama'a?

Ɗan'uwa, ka yi tambaya a wannan zaure cewa idan yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashe biyu maƙwabta, wacce kafar labarai ce ta fi karkatar da ra'ayin jama'a, wadda gwamnati ke riƙe da linzaminta ko wadda 'yan kasuwa suka mallaka. Zan amsa maka da yaƙe-yaƙe biyu da muka gani da idonmu, na Rasha da Yukren da kuma na Indiya da Pakistan.

Rasha ta kutsa Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022, kuma zuwa 4 ga Maris an riga an kafa dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 15 ga duk wanda ya yaɗa abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da sojoji. Kalmar yaƙi kanta an hana kafofi amfani da ita, sai dai a ce aikin soja na musamman. Gidan rediyon Ekho Moskvy ya rufe, an toshe Facebook, jaridar Novaya Gazeta ta dakatar da fitowa kafin watan ya ƙare. Ranar 14 ga Maris wata ma'aikaciyar tashar gwamnati, Marina Ovsyannikova, ta shigo bayan mai karanta labaran dare riƙe da kwali tana gaya wa masu kallo cewa ƙarya ake yi musu, amma cikin 'yan daƙiƙu aka kawar da kyamara. Makamin irin wannan kafa shi ne shiru, domin abin da ba a faɗa ba, kamar yawan gawarwakin sojoji, ya fi abin da aka faɗa yawa. Shi ya sa ba na gaggawar amincewa da ƙuri'un jin ra'ayi da ke nuna rinjayen masu goyon bayan yaƙin, tunda mutumin da baƙo ya kira a waya, alhali ya san an ɗaure ɗan majalisar gunduma Alexei Gorinov shekara bakwai kan maganar da ya yi game da yaƙin, ba lallai ba ne ya furta abin da ke ransa. Yukren ma, a nata ɓangaren, ta haɗa manyan tashoshinta wuri guda suna watsa shiri ɗaya dare da rana.

Na Indiya da Pakistan ya sha bamban ƙwarai. Bayan harin Pahalgam a Kashmir ranar 22 ga Afrilu 2025, inda aka kashe mutum 26, Indiya ta kai farmaki ranar 7 ga Mayu, aka tsagaita wuta ranar 10. A waɗannan kwanaki huɗu, manyan tashoshin 'yan kasuwa na Indiya, waɗanda babu dokar da ta tilasta musu yin ƙarya, sun sanar da cewa an ragargaza tashar jiragen ruwa ta Karachi, wasu har suka ce Islamabad ta faɗi, ga jiniya tana ta kuka a ɗakin watsa labarai, ga jajayen rubutu na gilmawa a ƙasan allo. Gari ya waye, Karachi na nan daram. A intanet kuma, masu goyon bayan ɓangarorin biyu sun yi ta yaɗa hotunan wasan kwamfuta da na yaƙin Gaza da sunan na fagen daga ne. Abin da ya jawo wannan shi ne tseren neman masu kallo, domin tashar da ta tsaya tantancewa sai ta ga maƙwabciyarta ta kwashe jama'a, talla kuma ya bi su. Gwamnatin Indiya dai ba ta tsame hannunta ba, tunda ta umarci dandalin sada zumunta na X ya toshe shafuka sama da 8,000.

Hukuncina shi ne ƙaryar 'yan kasuwa ta fi zafi amma ba ta da tsawon rai. Masu bin diddigi irin su Alt News sun tona ta cikin sa'o'i, kuma kafin watan Mayu ya fita babban hafsan tsaron Indiya, Anil Chauhan, ya amsa cewa an yi asarar jiragen yaƙi. Ta gwamnati kuwa tana iya shekaru babu mai ƙaryata ta a fili, har yara su taso a kanta. Duk da haka, wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta daren 8 ga Mayu, wato ta Karachi da Islamabad, saboda ƙasashen biyu duka suna da makaman nukiliya, kuma jama'ar da aka kwana ana yi wa albishir da faɗuwar birnin abokan gaba ba ta karɓar sulhu da sauƙi. Hakan kuwa ya bayyana, domin da aka tsagaita wuta sai wasu suka huce haushinsu a intanet kan sakataren harkokin wajen Indiya, Vikram Misri, wanda ya sanar da ita, da zagi har kan iyalinsa, sai da ya kulle shafinsa.