Na biya injiniya ya haƙa mini rami, shi kuma ya hana ni yin dekin

Ɗakin Hajiyarmu ba ya cikin asalin ginin gidan. Bayan rasuwar mahaifinmu aka ƙara shi a tsakar gida, jingine da bangon falo, aka rufa da kwano mai arha saboda ana sauri ta tare kafin ruwa ya sauka. Yau da gobe kwanon ya yi tsatsa. Duk Agusta sai an jera bokiti da roba a gefen gado, in bazara ta kama kuma ɗakin ya koma tanda, Hajiya ta kwaso tabarmarta ta dawo baranda. Sai na ce to a cire kwanon nan a zuba dekin, a huta da yoyo, in Allah ya hore nan gaba a ɗora wa babban yarona ɗaki a sama.

Magininmu, wanda shi ya gina ɗakin tun farko, ya zo ya bubbuga bango da tafin hannu ya ce, "Alhaji, wannan ai ko bene biyu zai ɗauka." Har na fara tambayar farashin rodi. Wani abokin aikina ne ya dage sai na kira injiniyan gini ya duba tukuna, kuma na kira shi ne ba don na yarda ba, don dai kada a ce ban ji shawara ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki, mutumin bai ko ɗaga kai ya kalli rufin ba. Ya zagaya ɗakin ta waje, ya tsuguna yana duban gindin bango, sannan ya tambayi takardar zanen gidan. Na kawo masa. Ya nuna mini da biro cewa zanen da aka amince da shi na ainihin gidan ne kaɗai, ɗakin Hajiya babu shi a ciki sam, don haka babu wata takarda a duniya da za ta faɗa mana abin da ke ƙarƙashin bangon. Sai dai a tona a gani. Ya ce in samo lebura biyu da diga da shebur.

Sun haƙa rami biyu, ɗaya a kusurwar da ta fi nisa da falo, ɗaya kusa da inda sabon bango ya haɗu da tsohon. Ina tsaye a kai. Ba su yi nisa ba diga ta kai ƙarshen harsashin. Injiniya ya shiga ramin da kansa, ya share ƙasa da hannu, ya sa tef. Zurfin duka bai kai ƙafa biyu ba. Kankaren da aka shimfiɗa a ƙasa kaurinsa kamar inci huɗu, faɗinsa kuwa da kyar ya wuce na bulon da ke kansa. Bulon inci shida ne, ba inci tara ba, kuma babu fila ko ɗaya a kusurwoyin. Ya ɓantaro ɗan gutsuren kankaren ya murza tsakanin yatsunsa, ya miƙo mini. Yashi ne ya fi yawa. Maginin namu yana gefe, ya ce ai a lokacin haka aka ce a yi, kuɗi ne babu. Kuma gaskiyarsa, ni na ce a yi.

A nan ne na ji kuɗina sun fara halatta, domin bai tsaya a kan "ba zai yiwu ba" kawai ba, lissafi ya yi mini a bayan ambulan. Kankare mai rodi, in ji shi, kowane mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi yana da nauyin kusan kilo 2,400. Dekin da aka saba zubawa kaurinsa milimita 150 ne, wato inci shida, ke nan kowane murabba'in mita kilo 360. Ɗakin Hajiya mita 4 ne da mita 5. Ya buga ya fito da tan 7 da 'yan kai. Da ya ga ban girgiza ba sai ya ce, "Alhaji, ka ɗauka buhun siminti 144 ne za ka jibge a kan bangon nan ka bar su har abada, Hajiya tana kwance a ƙasa. Ba mu ma zo kan ɗakin da kake so ka ɗora ba." Kwano da katakonsa kuwa ko kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyi ba su kai ba, shi ya sa ginin ya tsaya lafiya duk shekarun nan. Ya kuma nuna mini wata tsaga siririya daga sama har ƙasa a mahaɗar bangon biyu, wadda ni kullum nake cewa fenti ne ya dare. Ashe ɗakin ne ya ɗan zauna daban da uwar ginin.

Ta ɓangaren doka ma ya wayar mini da kai. Sauya ruɓaɓɓen kwano da sabo gyara ne. Amma mayar da rufin kwano dekin sauya tsarin gini ne, yana buƙatar zane mai hatimin injiniya mai rajista da COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, sannan a kai wa hukumar tsara birni, wadda a nan Kano KNUPDA ce, ta amince kafin a fara. Kuma duk injiniyan da zai sa hatiminsa, tambayarsa ta farko ita ce me harsashin zai iya ɗauka. Na nemi ya nuna mini shaidar rajistarsa, ya nuna ba tare da ɓata rai ba.

To amma fa ba a rasa nono a ruga. Rahoton da ya ce zai kawo cikin kwana uku sai da ya yi mako biyu, ramukan suna buɗe, yara suna tsallake, ni kuma in kira waya ba a ɗauka. Da rahoton ya zo, Turanci ne zalla cike da alamomin lissafi, shafi shida, abin da na fahimta a ciki bai kai wanda ya faɗa mini da baki a bakin rami ba. Kuɗinsa kuma ya kai na buhun siminti goma sha biyu a lokacin, ban da na lebura, kuma bai gaya mini tun farko cewa zanen gyaran kuɗinsa daban ba ne. Wannan ya sosa mini rai, na kuma faɗa masa.

Ya ce in lallai dekin nake so, sai a kafa sababbin filoli a wajen bangon, kowace da nata gindin kankare, su ɗauki dekin ɗin, bangon ya zama sutura kawai. Ko kuma a riƙa tona ƙarƙashin tsohon harsashin kaɗan-kaɗan, kamar mita ɗaya a lokaci guda, ana cikawa da kankare, aikin da ya ce ba kowane magini zai ba wa ba. Da na ji kuɗin, sai na ga gina sabon ɗaki ya fi sauƙi. Muka tsaya a kan rufi marar nauyi: aka zagaye saman bangon da linta mai rodi, aka bar ƙarafa a jiki don ɗaure katakon rufin saboda iskar farkon damina, aka ƙara wa rufin tudu da gangara, aka sa dogon kwanon alminiyam da silin, da ƙofofin iska biyu a tsakaninsu. Ya zo sau biyu ana aikin, zuwa na biyu ya sa kafinta ya ƙara ɗauri a kusurwar gabas.

Damina ɗaya ta wuce ba mu fito da bokiti ba. Zafi ya ragu, ko da yake ba zan ce ɗakin ya yi sanyi ba, da azahar a watan Afrilu har yanzu Hajiya tana fitowa baranda. Zan sake kiran injiniyan idan wani aikin ya taso, amma sai mun rubuta farashin komai da ranar kawo rahoto tukuna. Yarona dai bai samu ɗakin samansa ba, kuma magininmu har yau in mun haɗu a masallaci sai ya ce shi fa yana nan a kan bakansa, da an zuba da ya ɗauka.