Ruwan inabin Italiya a gaban kilishi da cuku

Shekara 11 ke nan ina dafa bisap, wato zoɓo, ina ƙullawa a leda, yara na kai mini bakin Kasuwar Dole, saboda haka in dai maganar jan abin sha ce, ba na jin akwai mai yi mini burga a Damagaram. Ana saura kwana shida babbar salla ƙanena ya iso hutu daga Italiya. Ya buɗe akwati ya zaro kwalabe uku naɗe cikin rigunansa na sanyi, baƙaƙe masu dogon wuya, irin waɗanda kowa ya san abin da aka saba zubawa a ciki. Inna ta ja tabarmarta baya tana salati.

"Yaya, ba abin da kuke zato ba ne," in ji shi. "Karanta takardar jiki."

Na ce da wane Italiyancin?

Kaka uku ke nan yana yankan inabi a gonar wani dattijo da ƴaƴansa biyu kusa da garin Asti, a jihar Piyemonte da ke arewa maso yammacin Italiya, wadda Turin ne babban birninta. Aikin na watan Satumba ne zuwa Oktoba. Bai ɓoye mana ba, sana'ar gidan jar giya ce, daga irin inabi biyu, Barbera da Dolcetto. In ka gangara wajen Alba kuma Nebbiolo ake ji da shi, wanda ake yin Barolo da shi, giyar da dokarsu ta ce sai ta yi wata 38 a ajiye kafin a sayar. Tuddan yankin ma Unesko ta sa su cikin kayan tarihin duniya tun 2014. Amma kowace kaka uwargidan dattijon takan ware wani kaso na ruwan da aka matse, ta ɗora a wuta tun ranar, ta ɗura a kwalba da zafinsa don jikoki da masu ciki da wanda ba ya sha. Shi ƙanena ya sayo mana.

Bambancin ba shi da wuyar ganewa ga duk wadda kununta ya taɓa kwana. In an bar ruwan inabi, yis yana cinye sukarin ya mayar da shi barasa, har ta kai kashi 13 ko 14 cikin ɗari. In an dafa shi da wuri, yis ya mutu, ruwa ya tsaya a ruwa. Wanda ɗan'uwansa zai kawo masa tsaraba ya duba kalmar da ke jiki. In an rubuta succo d'uva, ruwan inabi ne zalla. In an rubuta vino, giya ce, ko da an zana ganye da fure. Akwai kuma na uku, vino dealcolato, giyar da aka gama ta sannan aka cire mata barasa, kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda a bar har kashi 0.5 a ciki. Wannan ni ban da shi. Maigida ma bai yarda da bakin ƙanena kaɗai ba, sai da ya ɗauki kwalba guda ya kai wa limamin unguwa bayan la'asar, ya dawo ya ce a buɗe.

Na Barbera muka fara fasawa. Launinsa ba irin jan bisap ba ne mai ɗaukar ido, duhu gare shi kamar ɗinya ta nuna, kuma da na ɗaga kwalbar a rana na ga laka ta kwanta a gindi, alamar ba a tace shi har ya mutu ba. Kurɓar farko zaƙi ne ya tare ni, mai nauyi, har na ce ƙarya ne an zuba sukari. Ba a zuba ba. Inabin da ake nomawa don giya yakan tara sukari giram 200 ko fiye a lita guda in ya nuna. Bayan zaƙin sai tsami ya biyo, tsami mai tsabta kamar na ɗanyar tsamiya, shi ne ya ceci abin. Can ƙarshe, bayan na haɗiye, sai na ji wani ɗan bauri ya kama mini dasashi.

Baurin nan shi ya tsaya mini a rai, don na san shi tun ina yarinya. Babanmu, Allah ya jiƙansa, majemi ne. Mun tashi muna daka masa bagaruwa a turmi, kuma babu yaron majema da bai taɓa tauna ɓawonta ba ya ji bakinsa ya bushe ƙamas kamar an goge shi da tsumma. Ƙanena ya ce abin da ke cikin bagaruwa mai mayar da ɗanyar fata kirgi, danginsa ne ke cikin ɓawon inabi da ƴaƴansa, Turawa na ce masa tanin, sunan ma daga sana'ar jima ya fito. Shi ne a goro, shi ne a shayin da ya daɗe bisa gawayi. Yana kama yawun baki ya tafi da santsinsa, shi ya sa in ka ci nama mai kitse ka bi da abu mai bauri sai ka ji bakinka ya wanku. Duk surutun da Italiyawa ke yi na cewa jar giya sai da nama, a nan ya tsaya. Mu ma ai ba a banza ake ɗora butar shayi bayan an ci balangu ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. A wajen yin giya, ɓawon kan jiƙa cikin ruwan kwanaki ko makonni, baurin ya fito sosai, sukarin kuma ya ƙare. A ruwan inabi ɓawon bai daɗe ba, sukarin yana nan cif. Barbera kuwa dama can tsami ya fi yawa a cikinsa, baurinsa kaɗan ne. Don haka ƴar takardar da gidan ke rabawa baƙi, mai cewa a sha kaza da naman sa, a sha kaza da taliyar ƙwai, ba da kwalabenmu take ba. Dole na yi nawa gwajin.

Ranar salla na soya haƙarƙarin rago da kitsensa, na zuba ruwan yadda yake. Loma uku ya ginshe ni, maiƙo da zaƙi suka haɗu suka tsaya a wuya. Na raba shi biyu da ruwan sanyi, sai ya zama wani abu dabam, tsamin ya fito gaba, naman ya riƙa wucewa. Da hanta gasasshiya ma haka. Da tuwon gero miyar kuka kuwa kada ma a fara, daddawa da inabi ba sa ga maciji.

Inda ya ci kuɗinsa shi ne kilishi. Na aika aka sayo mini mai yaji sosai, wanda aka shafa wa tunkuza ya sha rana ya ga wuta. Ka gutsura, barkono da citta su fara cin harshe, ka kurɓa, zaƙin ya kwantar da zafin ba tare da ya kashe ƙamshin gyaɗar ba, ɗan baurin ya share maiƙon, sai hannunka ya koma takarda da kansa. Ni da maigida muka cinye na jika guda a zaune ba wanda ya ce uffan.

Na Dolcetto ya fi laushi, tsaminsa bai kai ba, shi kaɗai sai na ce lami ne. Da cuku ya tashi. Na ɗora cukun a garwashi har ya yi tabo-tabo ya fara laushi. Nan ne ƙanena ya tuna da wata ƴar kwalba mai faɗin baki da ya manta a aljihun akwati. Ruwan inabi ne aka dafa awoyi har ya yi kauri ya yi baƙi, da ɓaure da wasu ƴaƴan itatuwan ƙasarsu da wata gyaɗar bishiya. Suna rubuta sunansa cognà, amma a baki kunya suke cewa. Inna ta ce, "Ikon Allah, yau ga kunya ana ɗiba da cokali." A can da cuku suke ci, da dafaffen nama, da polenta, wadda ba komai ba ce illa tuwon masara mai ruwa-ruwa. A kan gasasshen cukunmu, gishiri-gishiri da tauri ga zaƙi mai ɗan ɗaci, ban ci abin da ya kai shi ba a sallar nan. Innar da ta ja tabarma ita ta lashe murfin.

Kwalba ta uku ni na yi asararta. Mun sha rabi na sa saura a firigo, kuran ya tafi dare da wuni, ga zafin da ake yi kafin ruwa ya sauka. Rana ta uku na murɗa murfin sai na ji fus, kumfa ta taso, wani tsami-tsami mai hawa hanci ya bugo ni. Dafuwar da aka yi masa tana tsare shi ne muddin yana rufe, da an buɗe yis na iska ya samu ƙofa. Na tuttular a makwarara na wanke kwalbar sau uku. In za ku buɗe, ku tara mutane ku shanye ranar.

Yuro 6 ya sayi kowace kwalba mai mililita 750. Yuro guda sefa 656 ne, wato jika huɗu ba kaɗan, kuɗin ledar bisap ɗina ta dala goma kusan 80. Ya fi na kantunan nan mai gas da ake fasawa wajen biki nesa ba kusa ba, wancan zaƙi ne da ƙamshin turare kawai. Amma bayan salla na jiƙa zoɓo ya kwana, na rage sukari zuwa kashi ɗaya cikin uku na yadda nake sa wa na sayarwa, na jefa kanumfari, muka ci da sauran soyen. A gaban kitse ya fi ruwan Barbera aiki, don tsaminsa ya fi kaifi. A gaban kilishi ne ya sha kashi.

Na ce wa ƙanena baɗi kada ya ɓata kilo 23 ɗinsa da kwalabe, guda ta isa, sauran wurin ya cika da kunya. Ƙarshen Agusta zai koma don yankan bana. Na so in ƙunsa wa uwargidan dattijon kilishi ta gwada da kanta, ya ce dokar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko cuku, a filin jirgi za a karɓe. Sai na auna mata tiya guda ta busasshen zoɓo, na rubuta masa yadda ake jiƙawa.