Epson FastFoto FF-680W a aikin adana hotunan tsohon kocin makaranta

Malamin da ya shekara talatin yana koyarwa a aji da safe, da yamma kuma yana fili da usur a wuya, idan ya yi ritaya ko Allah ya yi masa rasuwa, kayan da ake tararwa a ɗakinsa kusan iri ɗaya ne ko'ina: kwali biyu ko uku maƙil da hotuna, albam da gam ɗinsa ya bushe, yankakkun shafukan jarida, takardun yabo, da littattafan da yake rubuta sakamakon wasa. Daga nan sai tsoffin ɗalibai su tashi haɗa taron karramawa, ana son a buga ɗan littafi, a haska hotuna a majigi, ga lokaci ya ƙure. Da irin wannan aiki muka auna FF-680W, na'urar ɗaukar hotunan takarda zuwa kwamfuta da kamfanin Epson ya fitar a 2018.

Ta fuskar sauri babu abin kushewa. Ana jera mata hotuna har 36 a lokaci guda, masu girman inci 4 da 6 ko 5 da 7, ta riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya. Idan an saita ta a ɗigo 300 a kowane inci, wato abin da manhajarta ke rubutawa 300 dpi, hoto ɗaya daƙiƙa ɗaya ne. Kwalin da ke da hotuna 2,000 lodi 56 ke nan, aikin yini guda ga mutum biyu, ɗaya na jerawa ɗaya na kwashewa. A na'ura mai murfi da ake kwantar da hoto a kan gilashi, wannan kwalin zai ci makonni. Tana haɗuwa da kwamfuta ta wayar USB ko ta Wi-Fi, amma ga aiki mai yawa wayar ta fi kwanciyar hankali. Hotuna ana saka su fuskarsu na kallon sama, a kwance, gefen sama ya fara shiga. Takardun rubutu kuwa kife su ake yi, kuma masu fara amfani da ita kan rikita biyun.

Sai dai ba saurin ne ya sa muka ce ta dace da wannan aiki ba. Abin da ya sa shi ne tana ɗaukar gaba da bayan hoto a ja ɗaya. Duk wanda ya taɓa buɗe kwalin tsohon koci ya san dukiyar tana baya. A nan yake rubuta shekara, da ƙungiyar da aka kara da ita, da ci nawa aka tashi, sannan sunaye layi-layi: na tsaye daga hagu, na durƙushe daga hagu, kyaftin da ɗan alama a gefen sunansa. Hoton yara ashirin sanye da jesi, in ba sunaye, nan da shekara ashirin ba mai iya cewa ga wane ga wane. Manhajar Epson FastFoto tana ajiye bayan da suna ɗaya da na gaban, sai ta ƙara masa _b a ƙarshe, saboda haka ba sa rabuwa a cikin kwamfuta.

A nan ne kuma gizo ke saƙa. Manhajar ce ke duba ko akwai rubutu a baya, in ta ga babu sai ta watsar da shafin. Rubutun biro ba ya kuɓuce mata, amma fensir da ya shekara arba'in ya koɗe yana iya wucewa ba ta gani ba. Akwai wurin saita ƙarfin ganewar. A kai shi inda zai kama rubutu mafi dishi-dishi, ko da kuwa hakan zai sa ta riƙa ɗauko bayan da ba komai sai tambarin kamfanin takarda. Goge fayil ɗin banza minti biyu ne, komawa kwali neman hoto ɗaya cikin dubu biyu kuwa wuni ne. A gwada da hotuna goma masu fensir kafin a fara lodi na gaske.

Batun dpi ma yana son lissafi, domin hoton ƙungiya daban yake da hoton mutum ɗaya. A hoto mai inci 8 da 10 da ke ɗauke da mutum talatin, faɗin fuskar kowa bai fi santimita ɗaya ba. A 300 dpi faɗin wannan fuska fiksel 118 ne kacal, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a kwamfuta. A 600 dpi ta zama 236, wadda za a iya yanko ta a saka a littafi kusa da sunan mai ita. Haka nan hoton inci 4 da 6 da aka ɗauka a 600 yana fitowa da fiksel 2,400 da 3,600, ya isa a buga shi ninki biyu, inci 8 da 12, ba tare da ya dushe ba. Don haka hotunan ƙungiya da duk wanda za a buga a yi su a 600, a haƙura da raguwar sauri. Hotunan liyafa da na tafiye-tafiye 300 ya wadatar. Akwai zaɓin 1200, amma iyakar idon na'urar 600 ne, sauran manhaja ce ke cikawa da ƙiyasi. Fayil ne kawai zai yi nauyi, ba wani sabon abu da zai bayyana a fuskar kowa.

Tana ajiyewa a nau'in fayil biyu: JPEG, mai matse hoto ya rage masa ɗan inganci, ko TIFF. TIFF ba ya zubar da komai, amma hoton 4 da 6 a 600 dpi yana kai wajen megabait 26, na 8 da 10 kuma 86. A ware hotuna hamsin ko ɗari da suka fi daraja a yi musu TIFF, sauran JPEG.

Gyaran launi na kai-tsaye yana burge mai kallon farko. Hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 sukan rine su koma ja-ja, saboda rinin shuɗi-kore da ke cikin takardar ya fi saurin lalacewa, sai jan ya rinjaya. Manhajar tana dawo da fata da ciyawar fili kusa da yadda suke. Amma ba ta san kalar jesin makaranta ba, ƙiyasi take yi. Shuɗi mai duhu na iya komawa wani abu tsakanin shuɗi da kore, kuma tsoffin 'yan wasa ba abin da suke fara dubawa kamar rigar. A zaɓi saitin da ke ajiye gyararren hoto a fayil dabam mai _a, a bar na asali yadda yake. Ma'ana kowane hoto na iya haifar da fayil uku, 2,000 su zama 6,000, sai a tanadi wurin ajiya tun da wuri.

Matsalar da ta fi yawan ɓata aiki ita ce layi. Idon na'urar a tsaye yake, hoton ne ke wucewa ta kansa, don haka ƙwayar ƙura ɗaya ko ɗigon gam a kan gilashi zai ja siririn layi daga farkon hoto zuwa ƙarshe, ya maimaita a duk hoton da ya biyo baya har sai an goge. A ƙaramin hoton da manhajar ke nunawa ba a cika ganinsa ba, sai an haska a majigi a ga ya ratsa fuskar mai tsaron gida. Maganin ba wuya. A share kowane hoto gaba da baya da ƙyalle mai laushi kafin a jera. Bayan lodi uku ko huɗu a buɗe murfin a goge gilasan biyu, na sama da na ƙasa. A ƙarshen kowane lodi a buɗe hoton ƙarshe a girmansa na gaske, a duba wurare masu duhu, domin a nan layin ya fi fitowa.

Akwai kuma abubuwan da bai kamata su shiga bakinta haka nan ba, kuma kwalin koci cike yake da su. Hoton da aka ciro daga albam mai gam yana zuwa da danƙo a baya, ya shafa wa robobin da ke jan takarda, daga nan su fara jan biyu-biyu. Irin wannan albam ba a fizgar hoto daga cikinsa. Ana zura zaren sakace marar kakin zuma ta ƙarƙashin kusurwa, a riƙa ja a hankali kamar ana yanka. In ya ƙi, a bar shi a ɗauki shafin gaba ɗaya da wata na'urar. A cire kilif, ƙusar haɗa takarda da salatif. Hotuna masu sheƙi da laima ta manne su, a raba su da hannu tukuna, a kaɗa tarin kamar karta.

Yankakken shafin jarida shi ne ya fi haɗari. Takardar jarida tana da asid, shi ya sa take yin rawaya ta yi ƙarau, robobin na iya yaga ta a ja ɗaya. Na'urar na zuwa da wata jakar roba mai haske da ake saka abu mai rauni a ciki, kuma tana aiki, amma ɗaya-ɗaya, ka ga saurin da aka saye ta dominsa ya tafi. Ga shi hoton jarida da ɗige-ɗige aka buga shi, yakan fito da wani zane kamar saƙar tabarma in ba a kunna saitin da ke narkar da ɗigon ba. Fim ɗin nagatif da silaid kuwa ba ta ɗaukarsu sam. Wanda kwalinsa ya fi yawa da jarida, fim, ko littafin sakamako mai ɗinki, na'ura mai murfi irin Epson Perfection V600 ce abokiyar aikinsa, ita tana da fitilar haska fim. Wasiƙu da takardun yabo marasa ɗinki FF-680W na cinye su shafi 45 a minti, ta mayar da su PDF da za a iya neman kalma a ciki ta manhajar ScanSmart, muddin bugun na'ura ne. Rubutun hannun malam sai dai mutum ya zauna ya kwafe.

Kafin kowane lodi manhajar na tambayar shekara, wata, da abin da hotunan suka ƙunsa, da su take haɗa sunan fayil, misali 1994_Kwallon_Kwando_0001. Wannan na nufin rarrabewa ta riga ɗauka. A baje kwalin a babban tebur, a kasa shi shekara-shekara, kowace shekara wasa-wasa. Wanda ba a san shekararsa ba a saka shi a ƙarƙashin shekaru goman da ake zato, kada a ƙaga masa kwanan wata, domin da zarar ya shiga sunan fayil kowa zai ɗauka tabbas ne. A kira mutum biyu daga zamani daban-daban na aikin malamin, ko abokin aikin da suka daɗe tare, su zauna wajen rarrabewar. Su ne za su gane cewa sabuwar jesi ta fara a kaza, ko wancan ginin da ke bayan yara ba a yi shi ba sai daga baya.

In an gama, a yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a intanet. Manhajar tana iya turawa Dropbox ko Google Drive da kanta yayin da ake aiki. Hotunan asali kuma kada a mayar da su albam mai gam. A zuba su a akwatin takarda marar asid, wanda aka rubuta ya ci gwajin PAT na ma'aunin ISO 18916, gwajin da ke nuna kayan ajiya ba za su lalata hoto ba, a jere yadda aka ɗauke su, da ɗan kati mai lambar lodi tsakanin kowane tari, sannan a miƙa wa iyalin malamin akwatin tare da faifai ɗaya.