Makarantar koyon aikin lantarki a Asawase: koyarwa ta yi kyau, takardar shaida ce da saura

Wata shida ke nan da na kai ɗan ƙanena wata ƙaramar makarantar koyon aikin lantarki mai zaman kanta a Asawase, nan Kumasi, bayan ya gama babbar sakandare ya zauna a gida ba aikin fari balle na baƙi. Tun da maƙwabta suka ga ya fara gyara musu fanka da soket, iyaye da dama a zango suke tambayata ko wurin ya cancanci kuɗin da ake biya.

Shago biyu ne aka haɗe, ɗaya na darasi, ɗaya na aiki, kuma a na biyun ne darajar wurin take. Kowane yaro yana da allon katako da yake ja wa waya kamar bangon ɗaki, kuma masta ba ya yarda a kunna wuta sai yaro ya faɗi dalilin kowace waya da ya sa. Na taɓa zama na saurara yana yi musu bayanin abin da ya sa ake jan layin fitila da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 amma layin soket sai 2.5, har ya ɗauko wata ƙonanniyar waya da ya ciro daga wani gida a Aboabo ya nuna musu yadda siririyar waya take zafi idan an ɗora mata firji da dutsen guga. Dokar Ohm, wato ƙa'idar kimiyya kan yadda wutar lantarki take gudu a waya, da yaron nan ya haddace a makaranta don cin jarrabawa kawai, a nan ya gan ta da idonsa a kan mitar gwajin wuta. Wannan ya bambanta da koyon sana'a irin na Suwame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, inda yaro zai iya shekara guda yana miƙa sifana kafin a yi masa bayanin komai, ko da yake ba na raina Magazin, domin ta ciyar da gidaje da yawa a unguwarmu.

Kayan aiki sun yi kaɗan. Mita biyu ce ake karɓa-karɓa, kuma darasin sola bai wuce faranti ɗaya da tsohon batir ba.

Babban abin da ya dame ni shi ne takardar da suke bayarwa a ƙarshe, wadda hatimin makarantar kaɗai take ɗauke da shi. A Ghana, ikon yi wa irin waɗannan wurare rajista da amincewa da darussansu yana hannun hukumar kula da ilimin fasaha da sana'o'i, CTVET, wadda aka kafa da doka ta 1023 a 2020, bayan an haɗe tsofaffin hukumomin COTVET da NABPTEX, yayin da gudanar da makarantun fasaha na gwamnati ya koma hannun wata hukuma dabam ƙarƙashin doka ta 1049. Ban da wannan, tun dokar jan waya ta 2011, Hukumar Makamashi ce take jarraba mai aikin waya ta ba shi lasisi, kuma ba a haɗa wa sabon gini wuta sai da sa hannun mai lasisin. Da na tambayi masta, bai ɓoye mini ba, ya ce: "Alhaji, takardata shaida ce cewa yaro ya zauna a wurina, amma ba ta sa a ba shi kwangila." Na yaba da gaskiyarsa, sai dai ya kamata a ce an faɗa wa iyaye haka ranar biyan kuɗi, ba sai sun tambaya ba.

'Yan'uwanmu na Kano kan yi mamakin wannan rarrabuwa, domin a can hukuma ɗaya ce ta jiha, wato hukumar makarantun kimiyya da fasaha, wadda ta faro a 1977 da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, take shirya jarrabawar shiga, ta ɗauki ɗalibai, ta kula da malamai da ɗakunan gwaje-gwaje, saboda haka uba ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mu a nan mai koyarwa dabam, mai amincewa dabam, mai ba da lasisi dabam, kuma uban da bai san wannan ba zai iya biyan kuɗin wata shida yana zaton ya gama.

Duk da haka zan iya tura wani yaron wurin, musamman wanda bai samu gurbi a makarantar fasaha ta gwamnati irin KTI (Kumasi Technical Institute) ba, da sharaɗin iyayensa su ware kuɗin jarrabawar Hukumar Makamashi tun farko. Ɗan ƙanena ya ci gaba da zuwa ranar Asabar, masta yana bi da shi tsofaffin tambayoyin jarrabawar ba tare da ya ƙara mana ko sidi ɗaya ba.